Ƙofar da Ban Rubuta Ba

Jurf, Madina
Safiyar Laraba

Zuwa ga ɗana Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, kuma yanzu haka ina jin ka kana buɗe shantar tafiyarka kana rufewa kamar kayan za su ƙaru. Allah Ya kai ka Jamus lafiya ranar Asabar. Allah Ya sa karatun jinyar nan ya amfane ka, ya amfani marasa lafiyar da za su faɗo hannunka. Ya tsare ka daga sharrin mutane, Ya tsare mutane daga sharrinka.

Na san za ka ce me ya hana Baba ya kira ni mu yi magana. Na gwada sau biyu, duka biyun ka amsa min da Larabci "ɗayyib, ɗayyib ya Baba" idonka na kan waya. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Na san Hausarka ta kunne ce, ana yi maka kana mayarwa da Larabci, to yau sai ka daure ka bi ta harafi harafi. Larabci harshen sana'ata ne, shekara talatin da wani abu ina rubuta wa mutane allon shago da shi, na iya ƙawata magana a cikinsa har ta ɓace. Da Hausa ban iya wannan ba.

Makon jiya ka tura wani bidiyo a guruf ɗin gida. Mutumin nan mai guntun gashin baki da ya mulki Jamus lokacin yaƙin duniya na biyu, yana ɗaga hannu, an sa masa kiɗa. A ƙasa an rubuta wai kisan da aka ce ya yi wa Yahudawa ƙarya ne, kuma wai laifinsa ɗaya, bai gama aikin ba. Ka duba fa, ƙarya ne, kuma bai gama ba. Wanda ya haɗa abin ko tsayawa bai yi ya zaɓi ɗaya ba. Kai kuma ka ɗora fuskar dariya a kai ka turo mana. Ummanka ta ce yarinta ce, in ƙyale ka. Na ƙyale ka kwana shida, kuma kwana shidan nan abinci bai yi min daɗi ba.

Ba na so ka hau jirgi da wannan abu a kanka. Hanyar da na sani ta cire maka shi ɗaya ce, in faɗa maka wane ne ubanka. Mai yiwuwa in ka gama karantawa ba za ka ƙara kallona kamar da ba. Na auna, na ga gara in rasa girmana a idonka da in sallame ka a haka.

Ka san garinmu a baki kawai, can yammacin Darfur, tafiyar rabin yini daga Junaina. Kakanninmu hanyar hajji ce ta kawo su daga ƙasar Hausa, guzuri ya ƙare, suka zauna. Layinmu gauraye yake, mu Hausawa da Masalit, katanga ɗaya, rijiya ɗaya, sahu ɗaya a masallaci. Maƙwabcina na dama shi ne Yaƙub, mijin Khala Kaltuma, wadda kake zuwa gidanta a unguwar Ranuna nan Madina kana cinye mata tuwon asida tun kana rarrafe. Mai gyaran keke ne. A cikinmu ya tashi, Hausarsa ta fi taka nesa ba kusa ba, har zambo yake min da ita. Yana da 'ya'ya maza biyu, Haruna da Isa, da jaririya a goye.

Kuskurena na farko dariya ce. Kafin a fara harbi da shekaru, magana ce ta fara canjawa a wurin mai shayi na kasuwa. Sai ka ji an kira Masalit bayi, an kwaikwayi yadda suke Larabci, an ce ƙasar nan ta fi ƙarfinsu. Ni kuwa ina zaune da kofi a hannu ina dariya, kuma zan faɗa maka dalili, don dalilin ya fi dariyar muni. Mu ma ana kiranmu Takari, ana ce mana baƙi, mu da aka haifi kakanninmu a wurin. Ranar da zolayar ta tsallake kanmu ta faɗa kan wasu, sanyi na ji a raina. Wata rana Yaƙub ya shigo ana cikin yi, kowa ya yi gum, ni kuma na kasa haɗiye tawa dariyar da wuri. Ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran mai sana'ar hannu a can, ya ce, "Usta, da me ake dariya? A ba ni nawa kason." Na ce ba komai, zauna ka sha shayi. Ya zauna ya sha.

Bashir, ka kula da abin da ke ba ka dariya. Ban taɓa jin inda aka tashi da safe haka kawai aka kama yanka maƙwabta ba. Sai an daɗe ana kiransu da wani suna, ana dariya, har kunne ya saba. A Jamus haka aka yi da Yahudawa, a Ruwanda haka aka yi, a garinmu na gani da idona. In kana zaune aka fara irin wannan, ba sai ka yi wa'azi ba. Ka ƙi yin dariyar kawai, ka bari a ga fuskarka. Za a ce ba ka da wasa, ka yarda a ce.

Na biyu shi ne wanda ya sa na ɗauki biro. Da wutar ta iso yankinmu, labari ya riƙa zuwa cewa mahaya dawakai da raƙuma suna shiga ƙauyuka da safe, su kashe maza, su ƙone gidaje, kuma Masalit suke nema. Dattawanmu suka taru a zauren Alhaji Sale, shugaban Hausawan garin. Magana ɗaya aka yi ta maimaitawa: mu ba ruwanmu, mu 'yan kasuwa ne, faɗan nan ba namu ba ne. Sai wani ya ce ai mutanen nan ba tambaya suke ba kafin su cinna wuta, ya za su san gidan Bahaushe? Alhaji Sale ya juyo ya dube ni ya ce, "Ga mai rubutu nan a zaune." Ya ƙara da cewa gidajenmu kaɗai, domin in suka kama ƙarya a ƙofa ɗaya, duk sauran ƙofofin sun tashi a banza.

Wallahi a lokacin daɗi na ji. Na ga sana'ata za ta ceci rai. Ina da ragowar shuɗin fenti da na yi wa wani kantin magani allo, na ɗauko burushi na bi layi. Haruffa huɗu ne da Larabci, ha, wawu, sin, alif: Hausa. Ban yi shi a gaggauce ba. Na ja layi ya miƙe, na gyara wutsiyar sin, don ba na son a ga aikina a karkace. Ko sau ɗaya ban tsaya na waiwaya na ga yadda layin ya koma ba. Da na waiwaya da na ga abin da na yi: duk ƙofar da na rubuta tana nuna wadda ban rubuta ba.

Ina kan ƙofar gidana, ita ce ta ƙarshe, Yaƙub ya fito yana goge baƙin mai a hannunsa. Ya tsaya yana kallo har na gama. Sannan ya rage murya ya ce, "Usta, sa min a tawa mana. Wa zai gane? In sun yi min Hausa in mayar musu." Da murmushi yake faɗa. Haruna da Isa suna tsaye a bayansa.

Na ce masa, "Fentin ya ƙare."

Gwangwanin yana hannuna, Bashir, ya fi rabi. Yana ganin nauyinsa a hannuna. Ya dubi gwangwanin, ya dube ni, ya ce, "To, Allah Ya kawo wani." Ya kama kafaɗun yaransa suka shiga gida. Ban ce masa dattawa sun hana ba, ban ce ina tsoro ba, ban ce ya kwaso iyalinsa su shigo gidana mai rubutu a ƙofa ba, alhali ɗakin baya a buɗe yake ba kowa. Wannan na ƙarshen shi ya fi cina. Ba wanda ya hana ni shi, tunanin ne bai zo min ba, domin na riga na raba layin biyu a cikin kaina.

Bayan kwana uku mahayan suka shigo da hantsi. Khala Kaltuma ta tafi kwari yanko ciyawa da jaririyar a bayanta, shi ya tsirar da ita. Muna ciki ni da Ummanka, muna jin kofaton dawakai suna tsayawa a ƙofa, sai wani ya karanta da ƙarfi, su wuce. Karatun rubutuna suke. A ƙofar Yaƙub ba su tsaya karatu ba. Ba zan faɗa maka abin da muka ji ba. Da la'asar ni na binne su su uku, ni da mutum biyu, a bayan gidansu.

Labarin da ka sani daga nan ya fara. Na tarar da Kaltuma a kwari, na ɗora ta a keken jaki tare da Ummanka, na ce wa masu tare hanya ƙanwar matata ce, muka tsallaka Chadi. Gaskiya ne, na yi. Shi ne kuke ji tun kuna ƙanana, shi ne take faɗa wa kowa a Ranuna, "Usta ne ya fid da ni." Kai ma na ji ka kana ba abokanka, kana ƙara gishiri. Ta san ni na rubuta ƙofofin, kowa ya sani, ta taɓa ce min kowa ransa yake nema a lokacin. Abin da ba ta sani ba shi ne mijinta ya roƙe ni, na ce fenti ya ƙare. Ummanka ma sai jiya na faɗa mata. Tun jiyan ba ta ce min komai ba ban da "ga abincinka."

Ka ji abin da nake so ka ɗauka a nan. Mugunta irin wannan ba ta yiwuwa da masu bindiga kaɗai, sun yi kaɗan. Tana bukatar mai rubutu, da direba, da magatakarda mai jera sunaye, kowa yana ganin shi sana'arsa kawai yake yi. Ka karanta za ka gani, a Jamus kafin a kai ga Yahudawa da iskar guba, naƙasassu da masu taɓin hankali aka fara kashewa a asibitoci, kuma likitoci da ma'aikatan jinya ne suka yi, da farar riga irin wadda za ka sa. Duk ranar da aka miƙo maka aiki aka ce ka ware mutane, waɗannan nan, waɗancan can, ka tambaya me za a yi da waɗancan kafin ka sa hannu. Kuma ka ji tsoron ranar da wani zai dafa kafaɗarka ya ce, "Kai ba kamar sauran baƙin ba ne, kai na kirki ne." Zai yi daɗi a kunne, ni na san daɗinsa. Ka tambayi kanka su wa ya bari a waje da ya shigo da kai.

Na uku shiru ne. Na zo Madina da umara, na samu kafili ya tsaya min, iƙamar zama a ƙasar ta fito, aka haife ka. Na ce wa kaina na zo garin Manzo, abin da ya wuce ya wuce. Na yi istigfari a Harami har ban san adadi ba, amma ban taɓa buɗe baki ga wadda take da haƙƙin ji ba. Na mai da ibada maɓoya, Allah Ya yafe min.

Wata rana da rana tsaka ina jiran layi a wurin wanzami a Khalidiyya, talabijin na nuna tarihin yaƙin duniya. Ban ma sa hankali ba, sai aka nuno gilashin wani shago a Jamus, an zana tauraro an rubuta kalma da farin fenti, alamar mai shagon Bayahude ne. Mutane suna kallon sojan da ke tsaye a ƙofa, ni kuwa rubutun nake kallo. Hannun gwani ne. Haruffan tsayinsu ɗaya, ba inda fenti ya zubo. Wani ɗan'uwana a sana'a ya tashi da safe, ya karya kumallo, ya wanke burushinsa ya je ya yi aiki mai kyau. Daga nan aka nuno jiragen ƙasa irin na dabbobi cike da mutane, da tulin takalma, har da na yara. Da layi ya zo kaina wanzami ya kira ni ya ce, "Tafaddal ya hajj," na ce na fasa, na fita na zauna a mota na fi awa ɗaya.

Tun ranar nake bin labarin duk inda na same shi. Mutum wajen miliyan shida, Bashir, don kawai an haife su Yahudawa, ban da wasu al'ummu da aka haɗa da su. Waɗanda suka yi kisan da hannunsu suka rubuta takardun, sojojin da suka buɗe sansanonin suka ɗauki hotuna, waɗanda suka tsira suka tsufa da lamba a fatar hannunsu. Jikokin masu kisan ma ba su musa ba, a makaranta suke koya wa 'ya'yansu. Sai kai, daga Jurf, a kan kujerar Ummanka, za ka ce ƙarya ne? Ka san abin da ya fi tayar min da hankali? A nan Madina na zauna da wani mutum mai gemu da carbi yana ce min abin Darfur ƙarin gishirin Turawa ne, rikicin makiyaya ne kawai. Ni da na haƙa ramin. Na so in shaƙe shi, amma na yi shiru, saboda in na ce na gani sai ya tambaye ni ina nake tsaye da na gani.

Na huɗu a gidan nan na yi shi, a gabanka. Sau nawa ka ji na dawo daga aiki ina cewa wane Bayahude ne, don ya cuce ni ko ya yi min rowa? Haka na ji manya suna faɗa, haka na ɗauka, ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Ni na zuba maka wannan a kunne tun kana ƙarami, bidiyon ya zo ya tarar da wuri a share. Ka yafe min, kuma kada ka kai kalmar nan gidanka.

Na san abin da za ka ce, don na ji ka kana faɗa wa ƙanwarka: Gaza fa? Ka ga ni ina kallon labarai ina share ido da hular kaina, ba sai na rantse maka ba. Ka yi fushi, ka yi addu'a, ka ba da abin da za ka iya, ka faɗi zalunci da sunansa ko a gaban wa. Amma yarinyar da aka cire wa takalmi a ƙofar ɗakin guba shekara tamanin da suka wuce, me ta yi wa Gaza? In ka ce mutuwarta ƙarya ce don wasu masu addininta sun yi zalunci yau, to ka koyi lissafin mahaya dawakan nan ke nan, su ma cewa suke Masalit duk ɗaya ne, babba da yaro. Kuma da wane baki za ka ce wa duniya ta yarda da gawarwakinmu? A garin nan da kake takawa aka wuce da gawar Bayahude, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye. Da aka faɗa masa ko gawar wa ce, ya nuna musu ai rai ne. Malamanku sun karantar da ku wannan, na tabbata, sai dai ba ya cikin abin da ake turawa a waya.

A Jamus musun wannan kisa laifi ne a doka, suna iya koro ka a kansa. Na faɗa maka don ka sani, amma ba tsoron 'yan sanda nake so ya riƙe bakinka ba. An ce a titunansu akwai 'yan ƙananan faranta na tagulla a ƙasa, a ƙofar gidaje, kowanne da sunan wanda aka fitar daga gidan bai dawo ba. In ka ci karo da ɗaya, ka tsaya ka karanta sunan har ƙarshe, ko da harshenka zai karye. In ka samu hutu ka je ɗaya daga sansanonin da suka bari a tsaye, ka je kai kaɗai, ka sa wayar a aljihu. Ka riƙe sallarka. Ka sayi rigar sanyi ta gaske, wadda ka saya a nan ta ado ce.

Saura abu ɗaya, kuma roƙo ne, ba umarni ba. Jibi Juma'a bayan la'asar zan je Ranuna wurin Khala Kaltuma in faɗa mata abin da mijinta ya ce min da abin da na ce masa. Ban san me za ta yi ba. Tana iya rufe min ƙofa har abada, tana iya hana 'yarta gaishe ni, 'yar da ni na zama waliyyinta ranar aurenta. Duk wanda ta yi haƙƙinta ne. Ina so ka raka ni. Ba sai ka ce komai ba, ka tsaya a bayana kawai ka ji da kunnenka, don in wani ya ce maka wata rana irin wannan abu ba ya faruwa, ka ce ubanka yana ciki. Zan tsaya a bakin mota da ƙarfe huɗu da rabi. In ba ka fito ba zan gane, zan tafi ni kaɗai, kuma ranar Asabar ni zan kai ka filin jirgi ko ba ka yi min magana ba.

Allah Ya yi maka albarka, Bashir. Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki ko wane addini suke bi. Ya ba ka ƙarfin zuciyar da ban samu ba ranar da aka tambaye ni. Allah Ya jiƙan duk wanda aka kashe don abin da aka haife shi da shi. Allah Ya jiƙan Yaƙub, da Haruna, da Isa. Na rubuta sunan dubban mutane a allo a garin nan, nasu yau ne karo na farko da hannuna ya rubuta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka